Bazarar da Injin Balbela Ya Buga

Zafin bana ne ya tono mani abin da na daɗe da binnewa. Tun da bazara ta kama ban yi barcin kirki a ɗaki ba, bangon siminti ya wuni yana haɗiyar rana, ya kwana yana amayar da ita. Shekaranjiya ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida da mafici a hannu, sai ga ɗana Kabiru ya shigo, gumi ya manne mashi riga a baya. Kwanan nan ya sayi wata mota 'yar Kwatano, ta sha jiki amma da sauran ƙwarinta. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka taɓa zancen zafi, sannan ya ce, "Umma, kin san wani abu? A murfin tankin motar ga an rubuta casa'in da biyar. Wai lambar man da ya kamata ta riƙa sha ke nan. Na zagaye gidajen man Ƙofar Kaura, duk wanda na tambaya sai ya yi mani dariya, ya ce fetur ai fetur ne, iri ɗaya gare su."

Na ce, "To kai mi ka yi?"

Ya ce, "Na sha wanda na samu mana."

Sai ya ɗauka ban gane ba, ya zaro waya ya shiga karanta mani abin da lambar ke nufi. Na bar shi ya kai aya. Shi bai sani ba, na ji karatun nan tun yana goye a bayana, daga bakin ubanshi. Sai dai shi uban sunaye biyu ya sani, sufa da regula.

Malam, Allah Ya jiƙanshi, direban tasha ne. Ban faɗi sunanshi yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. A tasha Mai Sufa suke ce mashi. Yana karen mota lokacin da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, can baya, kuma yakan ce a wancan zamanin in ka shiga gidan mai famfo biyu za ka tarar, mai zubawa ya tambaye ka, "Sufa ko regula?" Ubangidanshi na lokacin ya koya mashi cewa kowane inji da cimarshi. Inji mai matsi da yawa sufa yake so, don shi sufa ba ya kamawa sai fulogi ya ba shi wuta. Fetur mara ƙarfi kuwa, wato regula, da ya ji matsi sai ya yi gaggawa ya tashi kafin lokacinshi, ya daki fistin a ka yana cikin hawowa. Ita ce ƙarar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Inji mai sauƙin matsi kuma in ka zuba mashi sufa, in ji Malam, kamar ka dama fura da zuma ne ka ba jaki. Zai shanye tas, ba zai ƙara sauri ba.

Daga baya aka haɗe famfunan suka zama ɗaya. Malam bai bar zancen ba, har sunan ya bi shi.

Motarshi fara ce, doguwa mai layi uku, ƙirar Faransa, yana kiranta Balbela. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin ya mallake ta, sai da aka sayar da gonar gadon ubanshi aka cika. Katsina zuwa Kano take yi, ta Caranci da Kankiya. Ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Mu bakwai ke ci a jikinta: ni da shi, da mahaifiyarshi Inna, da yara huɗu. Ni ina cikin gida a Ƙofar Durbi, ban cika ganin titi ba, amma na san muryar Balbela tun daga kwanar masallaci. Da na jiyo ta sai in tashi in kwashe tuwo.

Wahalar mai ta saba zuwa tana komawa a shekarun soja, amma ta bazarar da suka ce za su koma bariki ta zo ta shimfiɗa tabarma. Kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Famfon unguwa ya ƙafe, aka ce injin da ke turo ruwa shi ma abincinshi ya yanke. 'Yan ga-ruwa suka yi wuyar gani. Akwai 'yar ƙofa tsakaninmu da maƙwabciyata Indo, a gidansu rijiya take, to da an sallame sallar asuba can muke haɗuwa. Ruwan ya ja baya har sai mun ƙulla igiya biyu. Guga ya fito rabi ruwa rabi laka, mu juye a randa, mu jefa alif, mu jira ya kwanta.

Kananzir ya bi fetur ya ɓace, don masu haɗa mai sun kwashe shi. Na goge rishona na tura ƙarƙashin gado. Itace ma ya zama na masu hali, tunda motocin da ke ɗauko shi daga daji suna kan layi. Sai muka haɗa murhu ni da Indo, wuta ɗaya tukunya biyu, in ta sauke tata in ɗora tawa bisa garwashin. Mun ƙona kara, mun ƙona ɓawon gyaɗa, mun ƙona kashin shanu, hayaƙin ya kama mana tufafi har ba mu ji. Injin niƙan unguwa ya yi shiru, muka koma turmi. Da hantsi, kafin rana ta take, ni da Indo da babbar ɗiyata Saude muke lugude, Inna na gefe bisa buzu tana tankaɗe, tana gyara mana in taɓarya ta saɓa.

Azahar na yi gari ya mutu. Kaji su saki fukafukai su buɗe baki a gindin randa. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da gadon baya, Kabiru ya wuni yana kuka yana goga jiki da tabarma. Ruwan randa ma da ɗuminshi, ka sha ka ji kamar ba ka sha ba. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito da bokiti da baho, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi gaba da shi. A ce an yi ruwa a Funtuwa, an yi a Malumfashi. Mu sai ƙamshin ƙasar wasu.

Malam kuwa ya koma ɗan layi. Balbela ta shiga layin wani gidan mai a Ƙofar Kaura, layin da ya miƙe har ba a ganin ƙarshenshi. Ba a tada mota a layi, turawa ake yi, na baya su taya na gaba. Direbobi suka ɗaura tabarmi tsakanin motoci don inuwa, can suke salla, can suke kwana, wanda aka kawo wa abinci ya buɗe kowa ya sa hannu. Da ƙafa yake zuwa gida ya yi wanka ya koma. Ranar da tanka ta iso, ya ce, sai wuri ya rikice: bulalar soja na tashi, manyan motoci na shiga ta ƙofar fita, ana cika durom-durom da kowa ya san iyaka za su tsallaka. Kafin Balbela ta kai bakin famfo sai a rataye tiyo a ce mai ya ƙare. In an yi sa'a ya samu, abin da zai kai Kano ya dawo ne sau ɗaya, sai kuma ya koma wutsiyar layi.

Amma mai bai ɓace daga gari ba. Yana nan bakin titi a galan da kwalabe, hannun 'yan bumburutu, wani ja kamar zoɓo, wani fatsi-fatsi, wani da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. An cuɗa shi da kananzir, da gas, da abin da Allah kaɗai Ya sani. Direbobi da yawa suka gaji da layi suka koma kanshi. Malam ya ƙi.

Yana da aboki bakanike, Isuhu, tun ƙuruciya suke tare. Wata rana na jiyo su a zaure, Isuhu na cewa, "Mai Sufa, garejina ya cika har waje. Duk ciwo ɗaya ne. Ka ga motar ga taka, ba irin masu haɗiye komai ba ce. Ko da wasa kar ka ba ta na galan."

Malam ya ce, "Ni za ka gaya wa? Gara ta kwana da yunwa."

To ba ita kaɗai ta kwana da yunwar ba. Layya ba mu yi ba a shekarar. Buhun dawa ya yi ta ja da baya har na fara jin ƙasanshi da kwano. Daga ci uku muka koma biyu, daga biyu muka koma koko da safe, tuwo da magariba, tsakani kuwa sai kwaɗon rama in an samu ƙuli. Miya kuka ce da daddawa, man miya sai dai a gani a gidan wasu. Ranar cika-ciki, da ake cewa kowa ya ci ya ƙoshi, Indo ce ta miƙo mani ɗan busasshen ƙashi daga layyarsu, na jefa a miya don yara su ji ƙamshi. Suka siɗe kwano suka dube ni, na ce su je su sha ruwa.

A tsakanin nan Inna ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da na kai mata tuwo sai ta ce, "Aje nan, ɗiyar nan, sai ya huce." In na koma ɗaukar kwano in tarar wayam, ta ce ta ci ta gode Allah. Na yarda da ita, don ban taɓa jin ta yi ƙarya ba. Sai wata rana Malam ya dawo daga layi da rana tsaka, lokacin da bai saba ba, ya nufi ɗakinta ya gaishe ta. Ya ɗaga labule ya tarar ta tara jikokinta, ta fito da malmalar jiya daga ƙarƙashin faifai tana gutsura masu, ita kuwa ruwan tsamiya ne a moɗa gabanta. Ta ɗaga hannu za ta ɓoye, awarwaron da ya shekara a wuyan hannunta ya zame ya gangara har gwiwar hannu. Malam ya saki labulen. Ko wankan bai yi ba ya koma.

Ana cikin haka ranar miƙa mulki ta matso. Rediyon gidan Indo ba ya zancen komai sai wannan. Akwai wani ɗan unguwarmu, Alhaji Ɗanlami, da ya ci kujerar kansila. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi sallama da Malam, ina bayan ƙofar zaure ina jin su. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya yi jajen wahalar layi. Sannan ya ce, "Malam, gobe ake rantsar da gwamna. Mutanen ƙauyen kakannina sun yi mani wahala, ina so a kawo su su ga ranar da idonsu. Sahu biyu ne. Ga jarka nan na zo da ita. In an gama, akwai buhun gero a shagona, naka ne."

Malam ya ce, "Bari in ga man, Alhaji."

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Ya kwance murfin, ya karkata jarkar ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya ɗaga wa iska. Man kirki nan take yake tashi ya bar hannu fari da sanyi. Wannan ya kwanta yana ƙyalli. Ya shinshina, ya murza da yatsa.

Ya ce, "Alhaji, abin ga ya sha kananzir."

Alhaji ya ce, "Wallahi shi na samu, da ƙyar ma. Shi ne a cikin tawa motar yanzu haka."

"Taka ba irin tawa ba ce."

"To Malam, ni ban san wannan ba. In ba za ka iya ba ka gaya mani tun da rana, in nemi wani. Kai na fara tunawa don na san halin da ake ciki."

Ina jin numfashin Malam. Can ya ce, "Bar ta nan."

Da ya shigo da jarkar na tare shi na ce, "Malam, zai yi kuwa?"

Ya ce, "Ba zai yi ba, Dije."

"To?"

Ya dubi ɗakin uwarshi ya ce, "Kin ga hannun Inna?"

Ashe tana ji. Ɗan fari ne, ba ta kama sunanshi. Daga cikin ɗaki ta ce, "Kai ɗan nan, kar ka kashe abin neman abincinka don ni. Ni na ci nawa tun tuni. Mai da mashi kayanshi."

Ya je bakin ƙofarta ya durƙusa ya ce, "Inna, addu'a kawai za ki yi mani."

Ba da ka ya yi abin ba, wannan zan shaide shi. Ya sa aka turo Balbela daga layi, layin da ya kusa kai gaba. Ya karɓi tsohon kallabina ya tace man sau biyu. Ya haɗa shi da ɗan na kirkin da ya rage a tanki. Ya kira Isuhu, wanda ya zo yana faɗa yana girgiza kai, amma duk da haka ya buɗe bonet ya ja mata wuta baya kaɗan, wai ko ƙwanƙwasar injin, ƙarar tsakuwar nan, za ta yi sauƙi. Ya ce, "Ka tafi da sanyin safiya, kar ka taka ta, kar ka cika mata kaya. Sauran kuma sai Allah."

Asabar da an fito masallacin asuba ya tada ta. Sai da ta yi tari uku ta kama. Ina tsaye a tsakar gida da tsintsiya, na ji muryarta ta shaƙe, can ƙasa kuma ga 'yar tsakuwar nan tana kaɗawa. Na bi ta da kunne har ta sha kwana.

Sahun farko ya iso lafiya da hantsi, aka gaya mani an gan shi ya sauke mutane ya juya. Gari kuwa ya ɗauki kiɗa. Muna ɗakin Indo mun kewaye rediyo, ana ta badujala, ana jawabai, mutane na sowa. Indo ta rangaɗa guɗa ta ce, "Dije, wahala ta ƙare! Mai zai dawo, ruwa zai dawo." Na yi mata murmushi. Rana ta ranar ta fi ta kullum, iska ta tsaya cik, ko ganyen darbejiya bai motsi.

Azahar ta wuce, la'asar ta yi, ba Malam. Hadari ya haɗu kamar yadda ya saba, ba wanda ya kula shi, ya yaudare mu da yawa. Sai muka ji ɗigo bisa kwano, ɗaya, biyu, manya-manya, sannan sama ta ɓalle. Ruwan farko ke nan. Yara suka tuɓe suka fita suna tsalle, ni da Indo muka jera duk abin da ke da baki ƙarƙashin indararo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida. Inna ta miƙa hannu ta taga tana hamdala. Na ɗan manta da kaina.

Cikin ƙarar ruwan na jiyo muryoyin maza a lungu, "Tura! A ƙara! Tura!" Babu ƙarar inji. Saude ta leƙa waje ta dawo ta tsaya gabana. Na yafa mayafi na fita zaure. Ga Balbela ana turo ta cikin taɓo, mutum uku a baya, Malam a gefe ya zura hannu ɗaya ta taga yana riƙe da sitiyari, ruwa na zuba daga gemunshi.

Sai daga baya ya ba ni labarin, a gutsure. Sahu na biyu da ya isa ƙauyen ya tarar mutanen sun ninka abin da aka ce, har da makaɗa da gangunansu, kowa ya yi wanka ya sa rigar Salla. Ya ce ba za su shiga duka ba, dattawan suka yi ta roƙo, wani ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin gwamna ba. Suka cusu. Ga rairayi, ga rana a tsakar ka. Ƙwanƙwasar ta yi ta ƙaruwa, allurar zafi na hawa. Ya tsaya gindin wata tsamiya ya bar ta ta huce, ya ƙara mata ruwa, fasinja na ta ƙorafin za a gama ba su. Ya lallaɓa ta har suka hango Kambarawa, lokacin nan bakin gari ne, gonaki sun fi gidaje yawa. Nan ya ji ƙara kamar an harba bindiga ƙarƙashin ƙafarshi, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a titi. Mutanen suka fito suka yi mashi sannu, suka saɓa gangunansu suka nufi gari da ƙafa. Ya ce ba su yi nisa ba suka ci gaba da kiɗa. Uku ne suka ji kunyar barinshi.

A zauren na ce, "Sannu Malam."

Ya ce, "Yawwa. A ba bayin Allah ga ruwa su sha."

Ruwa kam ranar muna da shi.

Washegari Isuhu ya zo da kayan aikinshi ya kwance kan injin. Bai daɗe ba ya ɗago ya zauna bisa dakali. Fistin biyu sun huje kamar an sa masu wuta da ƙusa, ɗaya ya karye ya fasa jikin injin ya leƙo waje. Ya ce, "Mai Sufa, ba gyara. Sai dai wani injin." Malam ya gyaɗa kai. Gonar da za a sayar an riga an sayar da ita, ita ce wannan da ke tsaye a ƙofar gida.

Buhun gero ya zo, ba zan ɗauki alhakin Alhaji Ɗanlami ba. Shi da kanshi ya rako shi, ya yi jaje, ya ce in abubuwa sun daidaita zai duba lamarin. Mai yiwuwa har zuciyarshi ya faɗa. Muka surfa, muka daka, na yi tuwo na dama fura. Inna ta ci a gaban ɗanta don ya gani, tana ci hawaye na bin kumatunta. Yara suka yi barci da cikakken ciki. Malam yakan sa hannu ya yi loma biyu ya ce Alhamdu lillahi ya tashi.

Damina ba ta yi nisa ba mai ya dawo. Yadda Indo ta faɗa haka aka yi. Aka wayi gari layin Ƙofar Kaura ya watse, tabarmin direbobi sun ɓace, masu zuba mai na zaune bisa benci suna ɗaga wa motoci hannu. 'Yan bumburutu suka kwashe galan ɗinsu. Waɗanda suke bayan Malam a layi suka cika tanki suka kama hanyar Kano. Lokacin ko rabin buhun geron ba mu ci ba.

Wata safiya ya fita ya dawo da fetur a kwalba, garai-garai kamar ruwan sama. Ya shimfiɗa buhu a zaure, ya jera kayan cikin injin da Isuhu ya kwance, ya zuba man a tsohon kwano, ya shiga wanke su ɗaya bayan ɗaya da buroshi, har da fasassun. Ƙamshin ya shigo har madafa. Isuhu ya zo ya tsaya kanshi ya ce, "Da mun sani mun ƙara haƙuri kaɗan."

Malam bai ɗago ba ya ce, "Da na sani ƙeya ce, Isuhu. Miƙo mani wancan."

Ya gama ya naɗe su a buhun ya tura bayan ƙofa. Ba a sake buɗe shi ba.

Balbela kuwa cinye ta muka yi sannu a hankali. Da gero ya ƙare aka sayar da batir. Sannan tayoyi, aka ɗora ta bisa duwatsu. Sannan kujeru, da fitilu, da gilasai. Ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kajin Indo suka mai da ita akurki, yaran lungu na shiga suna murza sitiyari suna ƙarar mota da baki. Malam ya koma shiga gida kanshi a sunkuye. Kafin wata bazarar masu sayen gwangwani suka zo suka daddatsa abin da ya saura. Inna ba ta ga wannan ba, ta rasu cikin sanyin shekarar.

Ya nemi tuƙi a hannun masu motoci, aka yi ta ce mashi ya dawo. Yara sun cika tasha, shi kuma ido ya fara rauni. Ƙarshe ya zama ɗan kamasho, ya wuni a rana yana kiran "Kano, Kano, saura mutum ɗaya," yana loda wa waɗanda ya koya wa tuƙi. Ni na kama sayar da ƙosai ta hannun Saude. Haka muka raini yaran.

Yanzu in na zauna ina jin su Kabiru na kukan mai, sai in ga abin ya juya ne kawai. A da yana da araha ba a ganinshi, yau ga shi ko'ina ba ya taɓuwa. Famfon unguwarmu har gobe bai kawo ba, sai dai masu hali sun haƙa burtsatse. Rijiyar Indo an cike ta an yi shago a kai.

Shekaru kaɗan Malam ya yi a kamasho. Ciwon ƙirji ya kama shi, yana yi yana lafawa, har wata safiya ya kasa tashi daga sallaya. An sake shiga wata wahalar man a lokacin, ta farar hula. Saude ta zaga duk masu mota a unguwa don a kai shi asibiti, wannan tashi na layi, wancan ba ko ɗigo a tanki. Malam fa, mutumin da ya kai matan lungun nan haihuwa ba adadi, ko da wane lokaci aka buga mashi ƙofa. Ƙarshe wani ɗan ga-ruwa ne ya sauke jarkokinshi daga kurar da yake turawa, muka shimfiɗa katifa a kurar, Isuhu da mijin Indo suka ɗauko shi suka kwantar. Na yafa mayafi na bi su a baya da ƙafa, ina riƙe da takalmanshi.

Idonshi a rufe yake, na ɗauka ba ya cikin hayyacinshi. Muna gab da fita babban titi sai na ga leɓenshi na motsi. Na matsa na sunkuya. Da mai tura kurar yake.

Ya ce, "Yaro, rage gudu. Akwai rami gaban kantin ga. Bi ta hagu."

Yaron ya bi ta hagu. Ban ƙara jin muryarshi ba.